Yadda Ake Fitar da Tazarar Tabbaci Daga Alƙaluman Bincike

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ana cinikin wake ya san mai saye ba ya zazzage buhu. Ƙarfe mai tsini yake sokawa a gefe, wake ya zubo masa a tafin hannu, ya duba, ya sake sokawa ta gindin buhun, sannan ya tsallaka zuwa wani buhun can tsakiyar tari. Da abin da bai cika kwano ba yake yanke wa mota guda hukunci. In ya ƙirga ƙwaya ɗari ya ga takwas ƙwari sun huda, ba zai rantse cewa takwas ne cif a kowane buhu ba. Ya san abin na iya ɗara haka, yana iya kasawa.

Wannan "na iya ɗarawa, na iya kasawa" shi masu ilimin ƙididdiga suka sa wa lamba. Ɗalibai sun san shi a aji da konfidens intabal, mu a nan za mu kira shi tazarar tabbaci: lambobi biyu, na ƙasa da na sama, waɗanda muke kyautata zaton ainihin kason jama'a yana tsakaninsu. Jerzy Neyman, masanin lissafi ɗan ƙasar Foland, shi ya shimfiɗa ka'idar a 1937. Abin da ke damuna shi ne yadda rahotanni da kundayen ɗalibai ke cika da "kashi kaza cikin ɗari" tsirara, kamar an bi kowa an ƙirga, alhali mutum ɗari uku ko ɗari huɗu aka tambaya. Lissafin kuwa bai fi ƙarfin kalkuletar wayarka ba.

Ga misalin da za mu bi, na koyarwa ne kawai. A ce an tambayi iyalai 400 a wata ƙaramar hukuma ko suna da gidan sauro mai magani aƙalla ɗaya, 260 suka ce suna da shi.

Mataki na farko: tantance su wa kake magana a kansu

Rubuta a layi ɗaya: jama'ar da nake nufi su ne kaza, kuma abin da zan ƙirga a matsayin "e" shi ne kaza. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙofa ɗaya kan ƙunshi magidanta uku ko huɗu, kowa da sashensa. Manyan binciken ƙasa kan ɗauki iyali a matsayin mutanen da ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya. In wani mai tambayarka yana ƙirga ƙofa, wani yana ƙirga tukunya, adadin 400 ɗin nan ya riga ya gurɓace. Haka ma "e": wanda ya ce yana da shi a baki, ko wanda aka gani da ido a rataye? Zaɓi ɗaya, kowa ya bi.

Mataki na biyu: duba yadda aka zaɓo waɗanda aka tambaya

Nan ne ginin ke tsayawa ko ya rushe, shi ya sa zan daɗe a kansa. Duk lissafin da ke tafe ya dogara ne da sharaɗi ɗaya: ƙuri'a ce ta zaɓi mutanen, ba son ran mai tambaya ba, ba kuma sauƙin hanya ba. Ma'ana, kowane iyali yana da damar faɗowa cikin samfurin, wato waɗanda aka zaɓo don a tambaya, kuma an san girman wannan damar. Ana samun jerin iyalan, a ba kowa lamba, a bar kwamfuta ta fitar da lambobin, ko a jefa ƙuri'a a kan lambar farko sannan a riƙa ɗaukar kowane na goma ko na ashirin.

Na taɓa bin sawun wasu matasa da muka tura wani ƙauye da takardun tambayoyi. Na tarar da su a ƙofar gidan mai unguwa, an shimfiɗa musu tabarma a inuwar darbejiya, an kawo musu fura, dattawan da ke zaune a wurin suna amsawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar takardu sun cika tsaf, rubutu kamar na ɗab'i. Amma duk wanda ya tafi gona ba ya ciki, matan da ke cikin gida ba wanda ya ji ta bakinsu, rugar da ke bayan rafi ba a ma san da ita ba. Yaran ba su yi da mugun nufi ba, rana ce da nisa. Dole muka ajiye takardun gefe muka sake aikin washegari. Wannan shi ne duba waken da ke bakin buhu, inda mai algus ke zuba mai kyau.

Kada yawan mutane ya ruɗe ka. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi wajen miliyan goma, sama da miliyan biyu suka dawo, ta kuma sanar cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 daga cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su daga kundin masu tarho da masu mota da masu sayen mujallar ta samo su, wato masu hali, kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka mayar da amsa. Da za a yi wa samfurin nan lissafin da za mu koya, tazarar ba za ta kai ko kashi ɗaya cikin biyar na maki guda ba, amma amsar ta kauce nesa. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Facebook ko ta zauren WhatsApp wannan cutar ce ke damunta. In haka aka tattara bayananka, ka faɗi abin da waɗanda suka amsa suka ce, ka tsaya nan. Kada ka liƙa masa tazarar tabbaci.

Mataki na uku: fitar da kason samfur

Raba masu "e" da jimillar waɗanda suka amsa: 260 ÷ 400 = 0.65, wato kashi 65 cikin ɗari. Za mu kira shi p, jimillar kuma n. Ragowar, 1 − p, ita ce 0.35.

Hattara ɗaya: in bayanan manyan bincike kake aiki da su, irin NDHS, binciken jama'a da lafiya na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko MICS, binciken halin yara da mata da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da UNICEF, kowane iyali yana zuwa da nauyinsa a cikin fayil, wato lambar da ke nuna gwargwadon jama'ar da yake wakilta, saboda ba a ɗebo jihohi gwargwadon yawansu ba. In ka ƙirga kai tsaye ba tare da nauyin ba, p ɗinka ma ba daidai ba ne.

Mataki na huɗu: ka tabbata samfurin ya isa

Masu "e" su kai goma aƙalla, masu "a'a" su ma haka. Muna da 260 da 140, mun wuce. In naka bai kai ba, akwai gyara a ƙasa.

Mataki na biyar: ma'aunin kuskure

Da za a tura wata tawagar ta zaɓo wasu iyalai 400 daban, ba lallai ta samu 260 ba. Tana iya samun 251, ta uku ta samu 272. Ma'aunin kuskure shi ne ke gaya mana gwargwadon wannan kai-kawo. Ga yadda ake samunsa:

Ninka p da 1 − p: 0.65 × 0.35 = 0.2275.
Raba da n: 0.2275 ÷ 400 = 0.000569.
Danna maɓallin √ a kalkuleta, wato nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan: 0.0238.

Kada ka yi saurin yanke lambobin bayan ɗigo a tsakiyar aiki. Bar su a fuskar kalkuleta har ka kai ƙarshe.

Mataki na shida: ƙari ko ragi

Yanzu zaɓi matakin tabbacin da kake so, kowanne da lambarsa: kashi 90 yana da 1.645, kashi 95 yana da 1.96, kashi 99 yana da 2.576. An fi amfani da 95, al'ada ce ta masu bincike. Ninka: 1.96 × 0.02385 = 0.0467, wato maki 4.7. Debe shi daga 65, sannan ka ƙara shi a kan 65. Tazararmu ta tashi daga kashi 60.3 zuwa kashi 69.7.

Da 99 muka zaɓa da ta buɗe, daga 58.9 zuwa 71.1. Da 90 ne da ta tsuke, daga 61.1 zuwa 68.9. Ciniki ne: in kana son ƙarin tabbaci, sai ka yarda da faɗi. Ka yanke shawarar wanda za ka yi amfani da shi tun kafin ka ga sakamako, kada ka koma 90 don kawai tazarar ta yi kyan gani.

A Excel layi ɗaya ne: =1.96*SQRT(0.65*0.35/400).

Me kashi 95 ɗin ke nufi? A ce tawagogi ɗari ne suka fita, kowacce ta jefa ƙuri'arta, ta zaɓo iyalanta 400, ta fitar da tazararta. Kimanin 95 daga cikin tazarorin za su kama ainihin kason ƙaramar hukumar, kimanin biyar za su kuskure shi. Taka ɗaya ce daga cikin ɗarin, ba ka kuma da hanyar sanin ko tana cikin biyar ɗin. Tabbacin na hanyar da aka bi ne. Ba ya nufin kashi 95 na iyalai suna tsakanin lambobin nan biyu. Wannan kuskuren na sha gani a kundaye.

Mataki na bakwai: gyaran gungu, wanda aka fi tsallakewa

Gaskiyar aikin fili ita ce da wuya a samu mai kuɗin man da zai bi iyalai 400 warwatse a ƙauyuka 300. Abin da ake yi, a zaɓi ƙauyuka 20 ta ƙuri'a, a kowanne a zaɓi iyalai 20. Halal ne, haka manyan bincike ke yi. Sai dai maƙwabta suna kama da juna. In masu rabon gidan sauro sun isa wani ƙauye, kusan kowa ya samu. In damina ta yanke hanya ba su isa ba, kusan kowa ya rasa. Don haka iyali na ashirin da ka tambaya a ƙauye ɗaya bai ƙara maka sabon labari kamar na farko ba. Daidai yake da soka buhu ɗaya sau ashirin a ce an duba buhu ashirin.

Ana auna wannan da lambar da za mu kira tasirin tsari. Lissafinta: ɗauki yawan iyalai a kowane gungu, wato kowane ƙauye a misalinmu, debe ɗaya, ninka da gwargwadon kamannin da ke tsakanin 'yan gungu ɗaya, sannan ka ƙara ɗaya. A ce gwargwadon kamannin 0.05 ne, wanda a ido kamar ba komai ba. To 19 × 0.05 = 0.95, a ƙara 1, ya zama 1.95, kusan 2. Ma'anarsa iyalanka 400 ƙarfinsu na iyalai 200 ne da aka zaɓo ɗai-ɗai.

Sai ka sake mataki na biyar da 200 a madadin 400: 0.2275 ÷ 200 = 0.0011375, √ ya ba da 0.0337, a ninka da 1.96 ya zama maki 6.6. Tazarar gaskiya ita ce 58.4 zuwa 71.6. Dubi bambancin. In gwamnatin jiha ta sa wa kanta burin kashi 60, tazarar farko za ta sa ka ce an haye, ta biyu kuwa ta ce a dakata tukuna.

Wannan tunanin ne ke bayan tsohon tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na auna rigakafin yara, gungu 30 kowanne da yara 7. Don samun ƙari ko ragi na maki 10, yara 96 sun isa in ɗai-ɗai aka zaɓo su. Aka ninka biyu saboda gungu, aka cike zuwa 210. Darasin da ke ciki mai amfani ne: gungu da yawa da mutane kaɗan a kowanne ya fi gungu kaɗan da mutane jingim. Ƙauyuka 40 da iyalai goma-goma sun fi ƙauyuka 10 da arba'in-arba'in, ko da yake duka 400 ne.

Ina za ka samo tasirin tsarin naka? In kana da bayanan a kwamfuta tare da lambar kowane gungu, manhajoji irin Stata da R da SPSS da Epi Info suna da sashen da ke lissafa shi, muddin ka shaida musu gungu da nauyi. Rahotannin NDHS kuma suna da rataye a bayansu mai jera kuskuren samfur da tasirin tsari na manyan alƙaluma. Ka lura cewa lambar da suke bugawa ta riga ta bi ta maɓallin √, don haka ma'aunin kuskure ake ninkawa da ita kai tsaye. In babu ko ɗaya, ka yi amfani da 2, ka kuma rubuta ƙarara cewa ƙiyasi ne.

In samfurin ƙarami ne, ko abin da kake nema ba shi da yawa

A ce an gwada rijiyoyi 40, uku suka nuna gurɓata. p ya zama 0.075, ƙari ko ragi ya fito maki 8.2, tazarar ta tashi daga ƙasa da sifili zuwa 15.7. Babu yadda za a yi kason rijiyoyi ya gaza sifili, ga kuma uku mun gani da idonmu. Hanyar ce ta gaza, domin uku bai kai goman mataki na huɗu ba.

Gyara mafi sauƙi shi ne wanda Alan Agresti da Brent Coull suka ba da shawara a 1998 don tabbacin kashi 95: ƙara biyu a kan masu "e", biyu a kan masu "a'a". Uku cikin 40 ya koma 5 cikin 44, p ya zama 0.114. Bi matakai na biyar da na shida da waɗannan sababbin lambobin, za ka samu kimanin kashi 2 zuwa kashi 20.7. Akwai wadda ta fi ta tsufa, hanyar Edwin Wilson ta 1927, wadda ke ba da 2.6 zuwa 19.9 a wannan misalin. Ni ita na fi so, kuma manhajoji da yawa suna da ita. Gyaran ƙarin huɗu kusantarta yake yi ga mai aiki da biro da takarda.

In kuwa ba a samu ko ɗaya ba fa? An gwada rijiyoyi 60, duk lafiya. Kada ka rubuta cewa babu gurɓatacciyar rijiya a yankin. Raba 3 da n: 3 ÷ 60 = 0.05. Abin da za ka iya faɗa da tabbacin kashi 95 shi ne gurɓatattun ba su wuce kashi 5 ba. A yankin da ke da rijiya dubu, kashi 5 rijiya hamsin ke nan da yara ke sha.

In jama'ar ba su da yawa

Mutane kan yi mamakin cewa yawan jama'a bai shigo lissafin ba. Haka ne: samfurin 400 aiki ɗaya yake yi wa ƙaramar hukuma da kuma jihar Kano baki ɗaya. Sai in ka tambayi wani babban ɓangare na jama'ar, kamar sama da ɗaya cikin ashirin, sannan ake rangwame. Makaranta mai ɗalibai 500, ka tambayi 200, 120 suka ce "e": p 0.6 ne, ƙari ko ragi maki 6.8. Debe 200 daga 500, raba da 499, danna √, ka samu 0.775. Ninka 6.8 da shi, ya sauko 5.3. Tazarar ta zama 54.7 zuwa 65.3.

Karantawa da rubutawa

Tazarar da ka fitar ta dukan samfurin ce. Da zarar ka fara yanka shi gunduma-gunduma, ko maza da mata, kowane yanki sai an yi masa tasa. Iyalai 100 na gunduma ɗaya masu kashi 65 suna da ƙari ko ragi na maki 9.3, tun kafin gyaran gungu. Jadawalin da ke jera gundumomi daga ta ɗaya zuwa ta goma bisa bambancin maki uku ko huɗu, sau da yawa sa'ar ƙuri'a kawai yake jerawa, ga shi kuma ana yabon wani jami'i ana tsawata wa wani a kansa.

Haka batun zaɓe. Mutum 1,000, 'yan takara biyu, ɗaya ya samu kashi 52. Ƙari ko ragi maki 3.1 ne, tazarar 48.9 zuwa 55.1. Tunda 50 na ciki, binciken bai nuna wanda ke gaba ba, komai girman kanun labarin.

A rahoto, jimla ɗaya ta ɗauki komai: "Kashi 65 cikin ɗari na iyalan suna da gidan sauro mai magani, tazarar tabbaci ta kashi 95 ita ce 58 zuwa 72, an tambayi iyalai 400 a ƙauyuka 20 da aka zaɓa ta ƙuri'a." Ƙara da adadin waɗanda aka je ba a samu ba ko suka ƙi amsawa. Wannan adadin yana da muhimmanci, domin tazarar ba ta san da su ba. Ba ta kuma san uwar gidan da ta ce ba ta da gidan sauro don tana zaton rabo aka zo yi ba, ko tambayar da aka fassara daga Turanci ta karkace. Kuskuren ƙuri'a kaɗai take aunawa, sauran sai kulawar mai bincike.

Juya lissafin: mutum nawa zan tambaya?

Wannan kamata ya yi a yi shi tun kafin a buga takardar tambaya ko ɗaya. Zaɓi ƙari ko ragin da za ka iya jurewa. In ba ka da masaniya a kan p, ɗauki 0.5, domin shi ke ba da adadi mafi girma. Ninka 1.96 da kansa, ka samu 3.8416, ninka da 0.25, raba da ƙari ko ragin da aka ninka da kansa. Don maki 5: 0.9604 ÷ 0.0025 = 384.2, a cike zuwa 385. Don maki 3 ana buƙatar 1,068, don maki 2 ana buƙatar 2,401, don maki 1 kuwa 9,604. Ka ga ke nan rage tazara da rabi yana cin ninki huɗu na mutane, da kuɗin mota, da alawus. Shi ya sa binciken jin ra'ayi na Afrobarometer a ƙasashen Afirka da yawa ke tsayawa a mutum 1,200 ko 2,400.

Ɗaliban jami'o'inmu sun saba da lissafin masanin ƙididdiga Taro Yamane, wanda ke kai su kusan 400 a kowane kundi. Lissafin da muka yi yanzu ne dai a taƙaice, an ɗauki p a matsayin 0.5, tabbaci kashi 95, an kuma ɗauka ɗai-ɗai za a zaɓo mutane daga cikakken jeri. In gungu-gungu za ka bi, 385 bai isa ba. Ninka shi da tasirin tsari, 2 misali, ya zama 770. Sannan ka yi tanadin waɗanda ba za a samu a gida ba: in kana zaton ɗaya cikin goma ne, raba 770 da 0.9, ka samu 856. Raba su a ƙauyuka 43, iyalai 20 a kowanne, ka kuma sa a kasafin kuɗi cewa duk gidan da aka tarar a rufe za a koma masa da yamma, bayan an dawo daga gona.